Ranar da Aka Buɗe Injin a Ƙofar Gida

A Rafin Guza muke haya lokacin, shekarun da babura masu hayaƙi suka cika gari. Maigidana ya rasu, ya bar ni da yara. Babbansu, wanda ba na kama sunansa don shi ne na fari, bakanike ne a wani gareji a Hayin Banki, kuma da hannunsa muke ci.

Matar mai gidan, Hajiya muke ce mata, tana da ɗa namiji tilo. Ba abin da yake so irin wasa da babur in ana rakiyar amarya, ya ɗaga tayar gaba, 'yan mata na ihu. Shi ya matsa wa nawa ya ƙara wa injin ƙarfi, a faɗaɗa bulok, wato ramin cikin injin, a sa fistin babba, ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki.

A tsakar gida aka haɗa shi, ina tsintar shinkafa ina kallo ta gefen ido. Ya wanke fistin da kananzir a tsohon kwanona, ya yi ta juya shi a rana yana bin jikinsa da farce ko zai ji kaushi. Sai ya shafa masa mai, ya ɗora a bakin ramin bulok ya saki. Abu ya tsaya cak. Ya ce ya matse, ya naɗe kayan ya mayar wa masu injin faɗaɗawa, mai babur na ta tsaki. Da aka dawo da shi ya sake gwadawa, fistin ya riƙa sauka da kansa a hankali, kamar zuma a jikin cokali. Ya tura ringi, zoben fistin, a ciki, ya ɗaga yana duba 'yar tazarar bakinsa a haske.

"Ka bi shi a hankali kwana biyu," ya ce wa ɗan Hajiya. "Kuma kar ka zuba fetur ba ka haɗa da man inji ba. Wannan injin ba ya shan fetur zalla."

"Na ji, malamin makaranta."

Ran Asabar aka yi biki a Malali. Ana cikin gudu injin ya kama, tayar baya ta ƙame, ɗan Hajiya ya faɗa kwalbati, cinya ta karye.

Tun daga ranar ban ƙara shanya a igiyar tsakar gida ba, don Hajiya ta tsinke ta. In na fito alwala sai ta ɗaga murya.

"Baiwar Allah, ɗanki ya so ya kashe min ɗa. Baƙin ciki ne, don nawa na hawa, naki na kwance a ƙarƙashin na mutane."

Na ce, "Allah ya ba shi lafiya, Hajiya."

"Au, addu'a ce amsar? Ai na manta, ke mai kunya ce. To kunyar ta ba ku tuwo."

Ta san inda ta kama ni. Yadda aka tashe mu, uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane. Ko yabonsa aka yi sai ka kau da kai. Sai na yi ta haɗiyewa.

Hajiya ba ta tsaya nan ba. Ta aika wa mai garejin, wani dattijo aminin mijinta, cewa in bai kori yaron ba ita da shi har gaban hukuma. Wata rana da azahar na dawo daga ajin yaƙi da jahilci na tarar da nawa zaune a bakin ƙofa, sifanunsa a buhu kusa da ƙafarsa. Na gane an sallame shi. Ban cire mayafi ba na juya, sai Hayin Banki.

"Malam, kun buɗe injin?"

"Iya, ai Hajiya ta ce..."

"Ni ba rigima ta kawo ni ba. A buɗe a gaban kowa. In aikinsa ne, ni zan ɗora masa buhun a ka."

Ya daɗe yana kallona. Shi ma ya san ɗan fari na zo tsaya wa.

Da la'asar aka jingine babur a ƙofar gida, maza suka kewaye, mu mata muna soro. Dattijon ya kwance kan injin, sai da ya buga da katako kafin fistin ya fito. Ya ɗaga shi. Ya yi baƙi, a bushe ƙarau, duk zagayensa ya kakkarce. Ya goga yatsa a cikin bulok ya nuna, ko danshi babu. Ya sa ringi a inda ramin bai lalace ba, ya duba tazarar, ya ce daidai take. Sannan ya tsiyayo fetur daga tanki a tafin hannunsa ya jira. Ya bushe fari fat, ba maiƙo.

"Alhaji," ya ce wa mai gidan, "ba a sa wa injin nan mai ba. Aikin yaro ba shi da laifi."

Hajiya ta yi tsalle daga soro. "Ƙarya ne! Baki kuka haɗa! Ke kuma, mara kunya, har gareji kika bi ɗan fari? Tir!"

Matan gidan suka sunkuyar da kai, wasu don ita, wasu don ni. Na ji maganar har cikin ƙashina. Na ce, "Na bi shi, Hajiya."

Ba ta ƙara amsa gaisuwata ba har muka bar gidan. Yaronta ya warke da ɗingishi, in ya hango nawa sai ya tofar da yawu.

Washegarin buɗe injin da safe na ajiye kokonsa a bakin ƙofa kamar kullum, ban kalle shi ba. Ya sha, ya saɓa buhun sifanu a kafaɗa.

"Inna, na tafi."

Na ce, "Kai, ka dawo ka wanke min kwanona. Har yanzu kananzir yake wari."