Bangon Malama Gansakuka

Kafin zuwan Ciyaman na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, babu komai a makarantarmu. Shi da kansa ya faɗa a lasifika, kuma wanda ya sayi lasifika ba a ƙaryata shi a cikinta. Don cike wannan giɓi ne ya yanke shawarar a shafe bangon doguwar barandar da ta tashi daga ofishin malamai zuwa ɗakin gwaje-gwaje da farin fenti, a jera hotunan manyan mutanen da makarantar ta yaye, nasa a tsakiya.

Cikas ɗin ɗaya ne: akwai zane a jikin bangon. Akwai kuma matar da ta yi shi, wadda ta yi ritaya a wannan zangon, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami.

Malama Gansakuka muke ce mata, ta kuma sani. Kullum takan riga mai shara isowa, jaka a kafaɗa, kwalbar ruwan kududdufi a hannu, kore shar, irin ruwan da uwa ke marin ɗanta in ya taɓa. Takan ajiye kwalbar a taga inda rana za ta same ta, ta ɗauki tsumma ta bi bango tana goge sawun ƙwallo da na hannun yara. Inda fenti ya ɓare, ta zaro ƙaramin burushi daga jaka ta cike. Sai ta gama wannan take amsa gaisuwa da kyau.

Tarihin rai a doron ƙasa ta zana, tun tana sabuwar malama, da ragowar fentin da magina suka bari a gindin gwangwanaye. Ƙofar ofishin malamai ce mafari, shekaru kusan biliyan huɗu da suka wuce. Ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ce yau. Ta ba kowane zamani fili daidai tsawonsa, kuma a nan ta jawo wa kanta. In aka auna da gaskiya, yawancin tafiyar babu abin kallo. Ɗige-ɗige ne kawai, kore da ruwan toka, ƙananan halittun da ido ba ya gani, suna zaune a ruwa suna rabuwa biyu, ba kwamiti, ba bikin ƙaddamarwa. Ka wuce aji, ka wuce wani ajin, ka wuce famfo, har yanzu ɗige. Sai ka kusa ƙarshe tsutsotsi da masu ɓawo za su bayyana, kifi ya biyo baya, tsiro ya hau tudu, wani abu ya ja ciki ya fito gaɓa. Manyan ƙadangarun nan da yara ke so, dainaso, rabonsu bai wuce tsawon benci ba. Mu kuwa 'yan Adam, da muƙamanmu da digirorinmu, wani jan layi ne a bakin ƙofa, kaurin tsinken ashana.

Firinsifal bayan Firinsifal sun roƙe ta ta rage ɗigen, ta faɗaɗa wurin dabbobi, ko bangon ya yi kyau a hoto. Takan ce ba ita ta tsara lokacin ba. Ɗaya da ya matsa, ta gaya masa waɗannan koren ɗigen ne suka fara cika sararin sama da iskar da yake shaƙa yana ba da umarni, don haka ya bar musu wurinsu.

Ranar farko da sabon aji ba ta buɗe littafi. Takan ɗiga ruwan kwalba a ƙarƙashin madubin likita, kowa ya leƙa ya ga masu iyo a ciki, sannan ta jera yara a ƙofar ofis ta ce a taka a hankali, ban da gudu. Wata likita da ta bi ta hannunta ta gaya mini ta manta duk abin da ta haddace don jarrabawa, amma ba ta manta haushin da ta ji ba da ta isa ƙarshe ta tarar ba a ba mu ko faɗin tafin hannu ba.

Mai gadi ya ba ni labarin wani uba da ya zo a fusace, wai an ce masa ana koya wa ɗansa shi jikan biri ne. Malama ba ta yi gardama ba. Ta kai shi farkon bango ta ce su taka tare. "Wanda ya yi halitta kun san shi tun daga gida, Baba," ta ce masa. "Ni tsawon aikin kawai nake nunawa." Kafin su kai kifi mutumin ya daina faɗa, ya fara tambayar yaushe za a iso wurinmu. Da ta nuna masa jan layin, ya duƙa ya daɗe yana kallo, ya ce Allah mai iko, ya nemi ruwan sha. Birin da ya zo nema ma sai da aka nuna masa da yatsa.

Ke ce, Malama, kika koya wa yara masu rawar kai cewa su baƙi ne a gidan da suka tarar a share. Ke ce kika hana a yi wa lokaci kwaskwarima don baƙi su ji daɗi. Abin takaicin shi ne yaran sun girma.

Da aka kawo maganar fenti a taron ƙungiya, waɗanda suka taka barandar nan da gajeren wando su ne suka ɗaga hannu. Wani ya ce bangon ya tsufa. Wani mai tausayi ya ce a ɗauke shi a waya kafin a shafe, sai aka tarar ba ya shiga: in ka matso ka sami ɗige, in ka ja da baya mu muke ɓacewa. Ba a tuna a tambayi Malama ba, an dai tuna a sa ta a kwamitin jera kujeru.

Sau ɗaya ta je wurin Ciyaman, ta roƙa a kai hotunan babban ɗakin taro. Ya tarbe ta da ladabi, ya ce ita uwa ce, amma zamani ya wuce na ƙwayoyin kududdufi. Ta ce haka ƙadangarun can ma suka ɗauka. Ya yi dariya sosai, ya sa direba ya mai da ita.

Mai fentin da aka ba aikin tsohon ɗalibinta ne, magidanci da ya daɗe bai sami aikin kirki ba. Ya zo da sassafe da tsani da bokitai, ya tsaya gaban bango har rana ta yi zafi bai taɓa ba. Aka aiko masa cewa in ba zai iya ba, akwai masu jira. A haka Malama ta same shi.

"Malama, hannuna ya ƙi," ya ce. "A nan na fara riƙe burushi. Ke kika ba ni wutsiyar ƙadangaren can na cike."

"Shi ya sa ta karkace," ta ce. "Miƙo bokitin. Yaranka ba bango za su ci ba."

Ta wuce ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, ta zaro ƙaramin burushinta, ta tsoma a farin fenti, ta ja sau ɗaya a kan jan layin.

"Ka gani? Mu ba mu da wuyar shafewa. Sauran ne za su ba ka aiki."

Sun ba shi kuwa. Koren ɗigen ya yi ta leƙowa ta ƙarƙashin fari, sai da aka yi ta maimaitawa. Ba ta tafi gida ba. Ita ta riƙe masa tsani, ita ta dama fenti, ita ke nuna masa inda bai rufu ba.

Mun gode, Malama, godiyar da ta iso bayan fenti ya bushe. Malaman da ke tasowa, in kuna da bango da ragowar gwangwani, ku yi irin nata, ku auna da gaskiya ko da ba zai yi kyau a hoto ba. Sauranmu kuma, in mun san wata irinta, mu je tun tana riƙe da tsumma.

An haɗa bikin ban kwananta da na buɗe bangon, don a rage wahala. Aka ba ta agogon bango mai hoton Ciyaman. Da Ciyaman ya kai wurin da yake cewa a jawabinsa kafin su zo babu komai a nan, jama'a suka ɗauki tafi. Malama tana layin baya, a ɗaya daga kujerun da ta jera. Ta ajiye agogon a cinya, ta duba farin fentin da ya ƙi fita daga ƙarƙashin farcenta, sannan ta tafa tare da kowa.