Gishirin da Akka Selvarani Ta Ɗauki Laifinsa

Kafin ƙararrawar safe ta kaɗa a haikalinmu na Hindu da ke Tongaat a Afirka ta Kudu, Selvarani Moonsamy ta yi wanka, ta ɗaure gashi, ta hura wuta. Akka muke ce mata, wato babbar yaya, har waɗanda suka girme ta. Shekara talatin da ɗaya tana yi wa masu halwa, wato masu keɓewa don ibada, girki kyauta, kuma ba ta taɓa kai ludayi baki ba. A wurinmu ba a ɗanɗana abinci sai an miƙa wa Krishna, abin bautarmu, in an miƙa kuwa ya zama na albarka, ba a gyarawa, ba a zubarwa. Da ido da hanci take auna gishirin mutum ɗari biyu, kuma tana ji da wannan hannun nata.

Ba ta da sauƙi fa. Ka kuskura ka shigo mata da albasa, wadda ba ta shiga girkin ibada, sai ka ji: “Kai wa surukarka, ita ce ba ta da zaɓi.”

A wata halwar kwana uku da ba a magana, wani direban bas mai suna Vadivelu ya zo aikin sa kai. Wata biyu da rasuwar matarsa, da ƙyar ’yarsa ta fito da shi daga ɗaki. Ya tarar da miyar wake tana tafasa ba kowa a kanta, ga gishiri a gefe, ya so ya yi abin kirki, sai ya zuba. Akka ta riga ta zuba, shi kuma ba bakin tambaya. Sai bayan an miƙa Akka ta ga gwangwanin gishirin ya yi ƙasa, ga fari-fari a hannun rigarsa.

Jama’a suka zauna a ƙasa suka cinye tas, ido na ruwa, ba mai cewa uffan. Akka ta dubi fuskar Vadivelu, ta san in aka kama sunansa ba zai sake tako nan ba.

Halwa na ƙarewa aka soma magana, shugaban kwamiti ya ce, “Akka, teku kika dafa mana?”

“Hannuna ne ya zarce. Tsufa ne,” in ji ta.

Shekara tara ana tsokanarta da miyar nan. Abin yana yi mata ciwo, mun sha ganin ta haɗiye shi da murmushi.

Ranar Lahadin da ta wuce muka taru yi mata sallama, don gwiwoyi sun ƙi. Vadivelu, wanda shi zai gaji tukwanen, ya miƙe. “Jama’a, ni na ƙara gishirin nan.”

“Zauna, ƙanena, na sani tun ranar,” in ji Akka. “Miya ce ta yini ɗaya. Kai fa, da ka koma ɗakin nan, wa zai sake fito da kai?”

Akka, ke ce mai ciyar da taro ki ci a ƙarshe. Ke ce kika ba da sunanki aka yi ta dariya da shi don wani ya samu wurin zama. Mun gode, kuma mu da muka yi dariyar muna jin kunya. Masu shigowa aikin bayanki, ku koyi awon gishirinta in za ku iya. In kuma sabon zuwa ya yi kuskure a gabanku, ku duba fuskarsa kafin ku kira sunansa.