Bawul ɗin Amfilifayar Marigayi

Cikin duk aikin da na yi a shagona na gyaran rediyo da ke Kura, wanda bai bar raina ba shi ne na wata Laraba da rani, lokacin ɗibar tumatir. Bayan azahar wata mata, Madam Rifkatu, ta zo daga wajen Kadawa. 'Yar Filato ce, mijinta da ya rasu shi ke kaɗa jita a cocinsu. Tare take da ƙanensa Bulus, wanda ya gaji jitar, yana rataye da ita, yana kuma rungume da tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jitar.

"Malam, tana aiki," in ji ta, "amma muryarta ta bushe. Ran Lahadi za mu yi taron tunawa da shi, ina so a ji ta kamar dā."

Ku da kuka tashi a zamanin taransista, bari in yi muku bayani. Irin waɗannan na dauri suna da bawul, wata 'yar kwalba da ke daidaita wutar da ta shigo kafin ta shiga cikin inji. In makaɗi ya bugi tsirkiya da ƙarfi, bawul ba ya iya ba da wuta nan take, sai sautin ya ɗan rusuna, sannan ya taso a hankali kamar mai jan numfashi. In aka sa dayod, ɗan ƙaramin abin zamani mai yin aikin bawul, a madadinsa, sautin zai fito tsaye, da kaifi, babu wannan laushin.

Da na buɗe bayanta, haka na tarar: wani ya sa dayod. A can ƙasan akwatin kuma ga tsohon bawul ɗin, an naɗe shi da hankici. Na cire dayod, na mayar da shi gurbinsa, na kunna, na ce wa Bulus ya gwada.

Bugun farko sautin ya rusuna ya taso. Madam Rifkatu ta dafa bango. Bulus ya ci gaba da kaɗa wani take mai sanyi, idonsa a kan yatsunsa kamar ba nasa ba. Gumi ya keto masa.

"Bulus, yaushe yayanka ya koya maka wannan?" ta tambaya. "A ɗaki kaɗai yake kaɗa min shi."

"Yaya, ban san shi ba," ya ce, bai kuma daina ba.

Ni na kashe wutar. Shagon ya yi tsit, har ana jin ruwan kanal ɗin noman rani a bayan gini. Na naɗa tsumma a hannu zan gyara zaman bawul ɗin, don bawul ɗin da ya yi aiki haka ƙona yatsa yake. Na taɓa shi, sanyi ƙalau. Na zaro shi na ɗaga a haske, zaren cikinsa a tsinke yake. Bawul mai tsinkakken zare ba ya barin wuta ta wuce, kowa a sana'ar nan ya sani.

Na ce zan samo mata sabo a Kano. Ta karɓe shi daga hannuna ta ce, "A'a, Malam. Mayar da shi."

Na mayar, na ɗaure murfin, suka tafi. Ban tambayi yadda taron ya kasance ba.

Tun ranar, in aka kawo min tsohon inji, sai na tambayi wanda yake da shi a dā kafin in cire ko waya ɗaya. Wasu ba ƙarfe suke kawo mana ba, muryar wani suke nema.