Ranar da Na Riƙe Musu Tef

Ni tela ne, shagona yana wani lungu a unguwar New Bell, bayan katangar wani asibiti. Bayan gobarar da ta cinye rabin layinmu, mun daɗe kafin mu miƙe. Mun sake gina ɗakuna da bulo maimakon katako, mun haƙa kwata da hannunmu don ruwan sama ya daina shigo mana gida, 'yan haya suka fara dawowa. Ana cikin haka aka fara cewa asibitin zai ƙara gini.

Wata Talata da hantsi wasu mutum biyu suka zo da dogon tef na awo da gwangwanin jan fenti. Ɗaya ya tsaya a jikin katangar asibitin, ɗayan ya leƙo shagona, ya ce da Faransanci in taimaka in riƙe musu bakin tef ɗin. Faransancina na firamare ne, kuma ina tsoron ce wa mai takardar gwamnati a'a. Na tashi.

Tef ɗin ya yi sako-sako, ya lanƙwashe cikin kwata, har da murɗewa. Shekara da shekaru ina awo, idona ba ya jure haka. Ban yi tunanin komai ba, na warware shi, na ja ya miƙe sosai. Bakinsa ya matsa kamar kamu biyu. Da farko a gefen kwata ya tsaya, yanzu ya shige ƙofar Inna, tsohuwar da ke soya ƙosai kusa da ni, wadda duk layin muka haɗu muka sake gina mata ɗaki. Mutumin ya yi mini godiya, ya zana jan gicciye a bangonta, alamar za a rushe. Nawa bangon ba a taɓa shi ba.

Daga ranar abinci ya daina shiga mini. In na ji ƙarar babbar mota sai ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki. Na ɓata wuyan riga biyu a mako ɗaya. Ina ta lissafin wanda ya gan ni: mai shayi yana wurin, matan gidan can suna wanki. A taron da aka yi a ƙofar mai unguwa, wani direba ya ce, “Masu awon nan ba su san lungun nan ba. Wani ne a cikinmu ya nuna musu.” Na sunkuyar da kai.

Matata ta ce in yi shiru. Na yi shiru kwana tara. A na goma na kasa, na je na tsuguna gaban kaskon Inna.

“Inna, ni na ja tef ɗin nan. Da ban ja ba, da bai kai ɗakinki ba.”

Ta juya ƙosai, ba ta dube ni ba.

“Na gan ka ai, Tela. Ina zaune nan. Na ce wannan ko kabarinsa ake aunawa sai ya tashi ya gyara.”

“Zan je ofis in ce a sake awo.”

“Su zo su auna daidai, su haɗa da naka? Zauna, ɗan nan.”

Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

“To me zan yi, Inna?”

“In sun rushe, ka ba ni bakin shagonka in sa kasko. Kwana kuma, Allah na nan.”

Na koma gida na gaya wa matata a kwashe yadudduka daga ƙaramin ɗaki, a share. Ta tambaye ni ko baƙo za mu yi. Na ce ban sani ba tukuna, amma a bar ɗakin haka.