Ƙofar da Kaka bai rufe ba

Har yau in aka ƙyasta ashana kusa da ni, warin nan ya daki hancina, sai gabana ya faɗi. Bari in gaya muku dalili, ko kun ce tsoro ya yi mini yawa.

Kakana ya yi gadi a masana'antar siminti ta Malbaza. Da ƙafa ta ƙi, ya dawo ƙauye ya zauna zaure yana gina gidanmu da tsinken ashana. Ba ɗan abin wasa ba: faɗinsa ya kai tabarma biyu, da rumbuna, da turken awaki, har bakin rijiya. Ƙaro yake jiƙawa a sakaina yana liƙawa. Dokarsa guda ce: ɗakin kowa da ashanar da mai shi ya ƙona ake yinsa. Kowace mace in ta hura wuta sai ta aje tsinken a gwangwani. In wani ya rasu, bayan an dawo daga kushewa, Kaka ya jera tsinke ya toshe ƙofar ɗakinsa.

Wata shekara, lokacin roron wake, na shiga kai masa fura da hantsi. A jikin ginin ashanar na ga ƙofar ɗakin Gwaggo, ƙanwar babana, a toshe. Ga ta can tsakar gida tana daka, ina jin taɓaryarta.

Na ce, "Kaka, Gwaggo fa tana nan."

Ya duƙa ya dubi ƙofar. Ya ce, "Ke amarya, ba ni na rufe ba."

Da la'asar maciji ya sare ta cikin wake. Ba a kai asibitin Konni da ita ba, a kan amalanke ta cika. Tun ranar Kaka bai sake jiƙa ƙaro ba. Ya lulluɓe ginin da tsohuwar tabarma, ya bar shi haka har shi ma ya tafi.

Watan jiya na je gida da ɗiyata, wata bakwai gare ta, tari ya hana ta nono. Ban san abin da ya kai ni zauren ba. Na ɗaga tabarmar. Gara ba ta taɓa komi ba. Jikin ɗakin Inna, inda na girma, sai ga wani ɗan ƙaramin ɗaki da ban tuna da shi ba. Ƙofarsa a buɗe take, amma tsinke guda ya gitta a bakinta.

Inna ta ce, "Jijjigar motocin siminti ce ta kaɗo shi. Ki yi ta'awwuzi, kina da goyo."

Na yi. Amma sai da na sa farce na zare shi.

Likita ya ba mu magani, tarin ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Yanzu kowa birike, ƙyastun nan na gas, yake kunnawa, gwangwanayen nan babu su. Tsinken kuwa yana ƙulle a bakin zanen goyona. Kullum in zan ɗauke ta sai na taɓa na ji ko yana nan, kuma ko har yanzu guda ne.