Gurbin Taɓaryar Gwaggo

Na fita takaba a shekarar da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Zariya. Zazzaɓi ne ya ɗauke mijina, ba mu daɗe da aure ba, ba mu kuma haihu ba. Na koma gidan mahaifina a Samaru, wadda a lokacin 'yan gidaje ce a tsakiyar gonakin dawa da auduga. Mahaifina malami ne. Ya koya mini karatu tun ina ƙarama har na sauke na shiga littattafai, ina kuma tsara 'yan baitocina a ɓoye. Amma bayan takaba karatun ma ya fita raina. Sai in wuni a gindin tsamiyar gidanmu ina kallon tururuwa.

Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta zo ta same ni a haka. Ta dube ni ta dubi ƙanenta.

"Malam, wannan yarinya in ka bar ta nan, gara za ta cinye ta a zaune. Ba ni ita."

"Yaya, Sabon Gari fa? Cikin baƙi da leburori?"

"Ni da nake can, aljanu suka cinye ni?"

Haka na bi ta, ɗauke da ƙunshin kayana, muka gangara ta Palladan.

Sabon Gari a lokacin bukkoki ne da 'yan gine-ginen ƙasa kusa da tasha, ga harsuna iri-iri da ban taɓa ji ba. Gwaggo tana da fili mai shingen zana, inda mata suke daka gero da dawa don abincin leburorin da ke aikin hanyar jirgi. Heluma, wato shugaban leburorin, shi yake aiko da hatsi da safe, kafin azahar kuma dole fura da tuwo su isa bakin dogo. Yawancin matan ba su da kowa a garin. Akwai zawarawa irina, akwai waɗanda suka baro gidajen iyayengiji da suka ji an ce bauta ta ƙare. A filin nan suke ci, a bukkokinsa suke kwana. Aikin shi ne gidansu.

A tsakiyar filin akwai babban turmi na itacen ƙirya, mutum huɗu suke tsayawa a kansa. Gwaggo ce take fara sara, sauran ukun su bi ta ɗaya bayan ɗaya, ƙananan turamen da ke kewaye kuma su ɗauki kiɗan daga nan. In lugude ya yi daɗi, har wurgi suke yi da taɓarya sama su tafa su cafe. Ni ba a ba ni taɓarya ba. Gwaggo ta kama hannuna ta juya shi, ta ce hannun alƙalami ne, ta miƙo mini faifai. Aikina bakace, a gefe, kusa da babban turmi.

Ban taɓa jin Gwaggo, wadda kowa a filin yake kira Inna, ta daka wa wani tsawa ba. Da kunne take shugabanci. In wata ta kwana da ciwon ciki ko da kuka, tana ji a saran taɓaryarta. Ba za ta ce komai ba, sai kawai ta sassauta nata saran, filin duka ya sassauta, har mai rauni ta samu numfashi ba tare da kowa ya san don ita aka yi ba. Wata rana na tambaye ta yadda take ganewa.

"'Yar malam, ke da kike jin inda baiti ya karye, wannan zai gagare ki? Ki daina kallonsu, ki saurara."

Na fara saurare. Shi ne abu na farko da ya ja hankalina tun rasuwar mijina.

Mata biyu daga cikin na babban turmi ba zan manta da su ba. Ɗaya Bakanuwa ce, doguwa, mai baki, wadda ba ta wuni ba ta tsokane mu Zagezagi ba. Ɗayar kuwa daga duwatsun kudu aka kamo ta tun tana yarinya. Tabon marin ƙarfe na bauta yana nan a idon sawunta, kuma ba ta cika magana ba. Muna ce mata ta Dutse. An ce da ta fara zuwa, in aka ɗaga taɓarya kusa da ita sai ta kare kanta da hannu ta durƙusa. Gwaggo ce ta tsayar da ita a damanta, kafaɗa da kafaɗa, kullum, har jikinta ya yarda cewa wannan itacen ba don ita ake ɗaga shi ba.

Da damina ta ja baya Gwaggo ta fara tari. Ba ta fasa fitowa ba. Ta rame, zanenta ya yi mata yawa, amma tana nan a gurbinta. Ranar da ta kasa tashi, ba ta daɗe ba. Aka kai ta, muka yi sadakar uku, sannan muka koma filin, don cikin lebura ba ya zaman makoki.

A nan abin ya fara.

Matan uku suka tsaya a babban turmi. Ba wadda ta tsaya a gurbin Gwaggo, taɓaryarta kuma tana jingine da zana inda ta bar ta. Suka fara daka. Ta Dutse ta sara, ta biyu ta sara, Bakanuwa ta sara, sai shiru. Shirun daidai tsawon sara ɗaya. Sannan su sake. Ba wadda ta ce a yi haka. Hannuwansu ne suka saba jiran ta, suka ci gaba da jira. Ƙananan turame su ma suka ɗauki shirun, har ya zama filin gaba ɗaya yana tsayawa lokaci guda, kamar mai numfashi da ciwon haƙarƙari.

A cikin shirun nan ne muke jin ta. Ban ce na ga wani abu ba. Amma ina zaune da faifai a hannu, duk sanda gurbin ya zagayo sai in ji saukar itace a kan gero, can ƙasa-ƙasa, tare da ɗan nishin nan da take yi. Tsikar jikina ta tashi. Na ɗaga kai na ga idon Bakanuwa ya ciko, na san ba ni kaɗai ba ce.

Aiki ya yi nauyi. Lugude ya mutu, ba wurgi ba tafi. Surfe ya kai hantsi, kirɓin fura ya wuce azahar. Leburori suka yi ta jira a rana. Da abin ya maimaitu, heluma ya zo da kansa, ya tsaya a bakin zana yana share gumi.

"Ku matan nan, me ya same ku? Mutanena suna faɗuwa da yunwa, Bature yana duba agogo yana duba ni."

"Haba heluma, ko kunya," in ji Bakanuwa. "Ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba."

"Allah ya jiƙan Inna, ni ma uwa ce gare ni. Amma ga wasu mata can Jushi suna roƙona aikin nan. In Juma'a ta zo ba ku gyara ba, hatsin can zai tafi. Ku sa wata a wurinta mana, taɓarya ce fa, ba rawani ba."

Heluma ya juya ya tafi. Ta Dutse ta zauna a ƙasa tana shafa idon sawunta. Kowa ya san ita ba ta da inda za ta koma sai inda ta gudo.

Na ce wa Bakanuwa, "Yaya, ke ce babba, ki shiga gurbin."

Bakanuwa ta ja da baya. "Ni? In sara a kan saranta? Ke ba ki jin tana nan? Ke dai da kike jininta, in kina da ƙarfin hali."

Kashegari na tafi Samaru wurin mahaifina. Na same shi a zaure yana gyara alƙalami. Na gaya masa komai, har da abin da muke ji. Ya ɗago ya dube ni.

"Uwata, matattu ba sa daka. Suna can inda suke, addu'a suke bukata. Abin da kuke ji sabo ne." Ya ajiye wuƙar. "Ki dawo gida. Amanar da na ba ta ta ƙare. Ga masu sallama da ni a kanki ma."

Na ce zan yi tunani. Na san gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta hana ni jin abin da nake ji ba.

A hanyar komawa, wajen Palladan, na zauna a inuwar ɗorawa in huta. Daga wani gida ana daka, mace ɗaya ce, ba sauri ba gaggawa. Na rufe ido ina bin saran, sai kiɗan filinmu ya dawo mini, ba na kwanakin nan ba, na lokacin da Gwaggo take tari. Na ji shi sarai kamar yadda nake tuna baiti. A watannin nan saran Gwaggo ya yi rauni ƙwarai, da kyar taɓaryar take taɓa geron. Amma filin bai taɓa rikicewa ba. To wa ake bi? Na sake saurara a cikin kaina. Sara mai nauyi, wanda ƙananan turame suke ɗauka, ba nata ba ne. Na wadda ke damanta ne. Nishin kawai ne nata. Ta daɗe da sakin kiɗan a hannun ta Dutse, ta koma tana bin ta, ba ta gaya wa kowa ba, wataƙila har ita ta Dutsen.

Na tashi na kama hanya, ban ji nisan ba.

Da safe, da matan suka tsaya, na ajiye faifai na je na ɗauki taɓaryar daga jikin zana. Nauyinta ya kusa kayar da ni. Wurin riƙo ya yi sumul, ya lotsa daidai tafin hannunta, hannuna bai cika shi ba. Na tsaya a gurbin.

Suka sara, ɗaya, biyu, uku. Gurbin ya zo. Na ɗaga na saki, na makara, taɓaryata ta gwabza da ta Bakanuwa, gero ya watse har kan zanenta.

"La'ilaha! Ga Bazazzagiya za ta fasa mini baki! 'Yar malam, turmi ne wannan, ba tawada ba!"

Wata ta ƙyalƙyale da dariya daga baya, wata ta kama. Ita ce dariyar farko a filin tun rasuwar. Ni ma na yi, hawaye yana zuba.

Na juya wurin ta Dutse. "Yaya, ni ban iya farawa ba. Ke za ki fara, in bi ki, kamar yadda Gwaggo take bin ki tun ƙarshen damina."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Ni? Inna ba ta bin kowa."

"Ina zaune nan kullum da faifai. Saranki filin nan yake bi. Tambayi kowa ta tuna."

Wata tsohuwa daga ƙaramin turmi ta ce a hankali, "Wallahi haka ne. Nata nake ji."

"Ni baiwa ce," in ji ta Dutse, idonta a ƙasa. "'Ya'ya masu 'yanci ba sa bin baiwa."

Bakanuwa ta karkaɗe geron da ke zanenta. Na ga abin bai yi mata daɗi ba da farko, fuskarta ta nuna. Ta daɗe tana kallon gurbin da nake tsaye. Sannan ta ce, "Ke, baiwar Allah dai, kamar kowa. Ni da na bi Zagezagi shekara da shekaru, me ya rage? Ɗaga mu tafi, kafin yarinyar nan ta kashe ni."

Ta Dutse ta ɗaga taɓarya. Ta tsaya da ita a sama, numfashi ɗaya, kamar mai neman izini. Sannan ta sauke.

Na bi ta. Na yi kuskure sau da yawa, amma duk sanda na makara sai in ji ta sassauta, filin duka ya sassauta, har in kamo. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Kafin azahar ƙwaryar fura ta farko ta fita daga zana. Juma'a ta zo ta wuce, hatsi bai tafi Jushi ba. Ni kuma na aika wa mahaifina cewa ba zan dawo a shekarar ba.

Gurbin ya rufe, amma ba duka ba. Har na bar filin, ta Dutse ba ta taɓa fara daka ba sai ta ɗaga taɓarya ta jira wannan numfashi ɗaya, mu ma mu jira tare da ita. Ba mu taɓa yin maganarsa ba. Yanzu ina Samaru, a wani gidan auren, hannuna ya yi kanta. In maƙwabta suna lugude da safe, nakan tsinci kaina na ajiye abin da ke hannuna ina saurare. Wani lokaci tsakanin sara da sara akwai ɗan shiru, kuma a cikinsa nishin nan yana nan.