Hatimin Kamfanin da Babu Shi

Har yau in na ga hatimi a jikin takarda, ba rubutun nake fara karantawa ba, bakin haruffan nake dubawa in ga ko inji ne ya yanka ko hannu. A aji uku na kwaso wannan ciwon, lokacin ina karatun zane da tsara talla a kwalejinmu ta Samaru.

A aji ukun ne ake tura ɗalibi waje ya yi wata shida yana koyon aiki wurin masu sana'a. Za a ba ka littafi, logbuk muke ce masa, ka riƙa rubuta aikin da ka yi kullum, mai wurin ya sa hannu duk mako ya buga hatimi. In littafin bai karɓu ba, ka zauna ke nan, 'yan ajinku su wuce su bar ka da ƙarin shekara. Masu uwa a gindin murhu suka tafi Legas da Abuja. Ni kuwa mahaifiyata malamar firamare ce, ba ta san kowa ba sai fasto da iyayen yara. Don haka na hau bas zuwa Sabon Gari, na shiga bin shaguna ina roƙo.

Wanda ya karɓe ni wani dattijo ne Bayarabe, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Shagonsa ɗan akurki ne a wajen Muciya, yana rubuta allon shaguna da ƙyallen taron coci, yana kuma yankan hatimin roba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'yar kwaleji. Ranar farko ya miƙo mini buroshi ya ce in ja miƙaƙƙen layi. Ni da na zo da taƙamar shekara biyu da rabi ina zanen tulu da ƙwarya a aji! Mako uku ina jan layi a tsohuwar jarida, yana leƙe ta saman tabarau yana cewa layina kamar tafiyar mashayi. In yi fushi, in yi ta ƙunƙuni a bas har Samaru, washegari in dawo.

Sai a wata na uku ya yarda na taɓa roba. Hatimi a juye ake yanka shi, da guntun reza ɗaure a jikin tsinke, ka duba a madubi kafin ka dangwala tawada. Baba yana da doka ɗaya: ba ya yanka hatimin kamfani ko makaranta sai an kawo masa wasiƙa daga wurin. Na sha ganin masu kwat da daɗin baki sun fita suna zaginsa. Yakan ce hannunsa bai taɓa yanka ƙarya ba, kuma ba da furfura zai fara ba. Duk Asabar zai wanke hannu da kananzir, ya karanta abin da na rubuta layi-layi, ya sa hannu a hankali, ya buga ɗan hatiminsa. Har maƙwabta yake gaya wa cewa kwaleji ta turo masa ɗaliba. Malamin da aka ce zai zo ya duba ni kuwa, ko ƙeyarsa ban gani ba.

Saura mako guda mu koma, ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta zo mini da kuka shaɓe-shaɓe. Wata shidan nan a gidansu a Kaduna ta yi shi, barci da kallon fim. Ta cika littafinta da ƙarya tsaf, hatimi kawai ya rage. Na san dokar Baba, amma na ɗauko rezata. Na ƙirƙiro sunan kamfani, na zagaye shi da zobe biyu, na sa ɗan tsuntsu a tsakiya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin, ban taɓa yanka mai kyansa ba.

Ranar duba littattafai, a gaban aji aka yi. Malamin nan da bai taɓa zuwa ba ya ɗaga nawa da yatsa biyu saboda ɗigon fenti, ya tambayi inda kamfanin yake. Na ce shagon rubutun allo ne a Sabon Gari. Aji ya kwashe da dariya. Ya ce tsara zane aka tura mu koyo, ba a tura mu zama 'yan fentin bakin titi ba. Sai ya jawo littafin ƙawata ya buɗe a gabana.

"Dubi wannan," in ji shi. "Ko daga hatimin kin san kamfani ne na gaske."

Tsuntsuna ne yake kallona. Ƙawata ta sunkuyar da kai tana nazarin yatsun ƙafarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, amma in na faɗa, mu biyun za a kora. Na haɗiye, kuma har yau ina jin ɗacinta. Malam ya ba ni mako biyu in kawo shaida daga kamfani na gaske, ko in maimaita shekara. Ya haɗa mini da sabon logbuk wanda ba a rubuta komai ciki ba. Kada wani ya ce mini bai san abin da yake nema ba.

Washegari da hantsi na je shago. Ban gama gaisuwa ba Baba ya ce, "To, 'yar kwaleji, maki nawa suka ba mu?" Na ce ba a fitar ba tukuna. Na zauna a ƙarshen tebur na juya masa baya, na ɗauki roba na fara yanka sunan wani kamfanin ƙarya. Na ɓata ɗaya, na ɓata ta biyu. Na manta mutumin nan yana karanta rubutu a juye kamar yadda nake karanta jarida. Ya tsaya a kaina ya tambaye ni ina wasiƙar kamfanin. Nan na fashe, na gaya masa komai, har da dariyar aji, har da maganar fentin bakin titi. Da na sani na bar wannan a cikina.

Ya tambaya ko da gaske shekara guda za su ƙara mini, na ce da gaske. Sai ya ja kujera, ya gyara tabarau, ya miƙo hannu.

"Kawo nan, 'yata. Babban kamfani ba ya yin karkataccen harafi."

Ina zaune ina kallo ya yanka sunan wurin da babu shi a duniya, don a goge nasa. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya gwada a jarida, ya nannaɗe mini a takarda, ya ce littafin farko mai sa hannunsa, in ba sa so, in kawo masa.

Kwana huɗu na yi ina cika sabon littafi da kwamfutocin da ban taɓa ba da tarukan da ban zauna ba. Maki mafi girma aka ba ni. Malam har da cewa yanzu na yi hankali. Na ce na gode, Malam, Allah ya sani ban taɓa tsanar bakina kamar ranar ba.

Na kai wa Baba tsohon littafin. Ya buɗe shi shafi-shafi yana duba sa hannunsa, sannan ya sake tambayar maki nawa. Na faɗa masa. Ya ce madalla, ya sa littafin a aljihun tebur ya tura, ya koma kan allon da yake rubutawa. Bai ƙara ce mini 'yar kwaleji ba.

Da shekara ta zagayo, wata 'yar cocinmu da ke bayana a karatu ta rasa wurin koyon aiki, na kwatanta mata shagon, na ce babu inda za ta koyi hannu kamar can. Da yamma ta dawo Samaru ta same ni. Ta ce dattijon ya ba ta kujera, ya saya mata ruwan sanyi, sannan ya ce ta yi haƙuri ta nemi wani wuri, shagonsa ba kamfani ba ne.